Na Hana 'Yata Dawowa Gida Da Kuka

Har yau in aka tayar da maganar ranar da 'yata ta ɓata, kowa a unguwarmu ta Alhilla Kuku yana da nasa bayanin, kuma duk sun kuskure. Uwar mijina ta kafe a kan cewa baki ne ya kama yarinyar, ko kuma ta taka wani abu a hanya. Mijina, wanda ke tuƙin babbar mota zuwa Bur Sudan, ya ɗora wa makaranta laifi, wai malamai sun karɓi amanar yara sun yi barci. Maƙwabta sun ce laifin wasu yara ne marasa tarbiyya a ajinsu. Matan da muke kasuwa tare kuwa dariya suke yi, wai ni yarinyar ta gado, son kasuwa ne ya hana ta zaman aji. Na bar kowa da abin da ya ɗauka, domin hakan ya fi min sauƙi. Amma na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, shi ya sa na rubuto muku, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. Ni ce na kori 'yata daga makaranta. Da bakina na yi, a tsakar gidanmu, cikin maganar da ba ta kai minti biyu ba.

A lokacin ina da shekara ashirin da tara. Na gama sakandare, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya ɗaya, tana da shekara goma, tana aji biyar a makarantar 'yan mata. Ina tsaron shagon kawuna a Kasuwar Libiya, muna sayar da tob, wato lafayar mata, da abaya. Wanda ya san garin nan ya san abin da ake nufi da tashi daga Kuku zuwa yammacin Umdurman kullum: hafla, wato motar haya, biyu, wani lokaci uku, ga cunkoso a kan gada, ga zafi. Ina fita kafin yarinyar ta gama shiri, in dawo dab da magariba ƙafafuna a kumbure. Kakarta, wato uwar mijina da muke kira Habboba, ita ke gida da ita. Kuma ni dama ba mai haƙuri ba ce. In mutum ya fara min dogon zance sai in ce ya faɗi ƙarshen kawai. A kasuwa an san ni da haka, har ina jin daɗi in aka ce bakina ba ya tsoron kowa.

Halin nan ba daga sama na samo shi ba. A kambo na tashi, a yankin Jazira, cikin 'yan bukkokin masu aikin auduga. Muna tafiya makarantar ƙauyen da ke kusa da mu a ƙafa, kuma tun ranar farko aka nuna mana cewa mu 'yan kambo ne. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, yana da doka ɗaya: wanda aka daka a waje ya rama, wanda kuma ya shigo masa gida da kuka zai ƙara masa. Na bi dokar, na yi faɗa da 'yan mata da maza, har aka daina taɓa ni. Na girma ina ganin cewa dokar ce ta yi ni, kuma da ita zan rene nawa.

Sai in yi muku bayanin fatur, domin a kansa komai ya tsaya. Wajen ƙarfe goma da rabi ake kaɗa ƙararrawar karin kumallo a makaranta, kuma ba a cin fatur shi kaɗai. Yara huɗu ko biyar sukan zauna a da'ira, kowace ta buɗe abin da ta zo da shi, mai burodi da ful, wato dafaffen wake, mai ɗa'amiyya, wato ƙosan nan, mai ƙwai, a haɗa a tsakiya a ci tare. Wanda kuke cin fatur tare shi ne naka. Yarinyar da aka cire daga da'ira kuwa duk makaranta za ta gani, domin za ta tsaya jikin bango da burodinta a hannu. 'Yata tana da da'irarta tun aji ɗaya, kuma a ciki akwai aminiyarta, 'yar maƙwabtanmu ta layin baya, wadda ke shigowa gidanmu kamar gidansu. Ita ba ta jin Hausa, amma ta saba jin Habboba tana yi, ta saba jin Larabcin tsohuwar da bai taɓa miƙewa ba.

A farkon shekarar aka kawo wata yarinya ajinsu, ta girme su, tana maimaita aji. Ta shiga da'irarsu ta zama ita ce mai faɗa a ji. Wata rana ana cin fatur aminiyar 'yata ta kwaikwayi yadda Habboba ke kiran kaji da yadda take karya Larabci, don kawai ta ba su dariya. Aka yi dariyar. Daga nan babbar ta samu abin wasa. Ta daina kiran 'yata da sunanta, sai Fallatiya, tana jan kalmar tana toshe hanci. Sunan ba zagi ba ne, haka ake kiran irinmu Hausawa a ƙasar nan, mun sha jin sa, amma akwai yadda ake faɗarsa da yaro ɗan shekara goma ma zai gane an mayar da shi abin ƙyama.

Ranar wata Talata na dawo na same ta a bakin ƙofar ɗaki tana kuka, har da shessheƙa. Ko mayafina ban cire ba. Ta fara ba ni labari daga farko, wai ana cin fatur, wai wance ta ce, sai na katse ta na ce ta faɗi ƙarshen. Ta ce an tsokane ta, an ture mata burodi ƙasa. Na tambaye ta hannunta ciwo yake yi ne. Ta ce a'a. Na ce to me ya hana ta kifa wa yarinyar mari. Na kama kunnenta na gaya mata cewa ni uwarta ban taɓa kuka saboda wata 'yar mutum ba, kuma in ta sake shigo min gidan nan da hawaye, abin da zan yi mata sai ya fi na makaranta. Habboba ta ce in bi ta a hankali, na ce da a hankali aka bi ni da ban kai sakandare ba. Na shige ɗaki na kwanta. Maganar ke nan gaba ɗayanta.

Washegari ta yi abin da na ce. Ta mari babbar a gaban kowa. Malama ta yi mata bulala ita kaɗai domin ita aka gani ta kai hannu, kuma a ranar aka cire ta daga da'ira. Wannan kashi na biyun ban ji shi ba sai daga baya. Abin da ta gaya min da yamma shi ne ta rama. Na yi dariya, na ɗaga ta sama, na aika aka sayo mata dandurma, wato askirim. Ina ganin a ranar ce ta gane irin labarin da uwarta ke so, domin daga nan kullum in na dawo tana da sabo. Yau ta ture wance, gobe ta zagi wance har ta yi kuka, jibi malama ta ce ita ce jarumar aji. Ni kuma ina kwasa ina kai wa matan kasuwa, ina cewa 'yata ba ta da wasa.

Akwai alamu, kuma na gan su duka. Ta rame. Ta daina cin abinci sai an matsa mata. Aminiyarta ta daina shigowa gidanmu, na tambaya sau ɗaya ta ce karatu ya yi musu yawa, na yarda domin amsar gajera ce. Ta daina amsa wa kakarta da Hausa, in tsohuwar ta yi mata magana sai ta mayar da Larabci ko ta yi shiru. Habboba ta ce baki ne, ta kai ta wurin faki, wato malamin tsibbu, aka yi mata rubutun sha da na turare. Ni na ce tsutsar ciki ce, na sayo magani. Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi a lokacin: kullum in na ɗauki rigar makarantarta daga kan igiya, wuyan rigar da gaban hijabin suna da shatin ruwa. Habboba ta ce kullum haka take shigowa, a jiƙe daga haɓa zuwa ƙirji. Na yi mata faɗa cewa ta girma da wasan ruwa, kuma ni ba baiwar wanki ba ce. Ta ce zafi ne yake sa ta wanke fuska a randunan sabil, na ruwan sadaka, da ke bakin layinmu. Na ce ta daina, na wuce.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru ina shago, wajen ƙarfe sha ɗaya, ina auna wa wata mata tob, wayata ta yi ƙara. Malamar ajinsu ce. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi jikin yarinyar, ta ba ni haƙuri cewa ba ta samu zuwa dubiya ba. Na ce wace yarinya. Ta ce an gaya mata zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yata, yau kwana tara ke nan ba ta zo ba. Na ce mata ƙarya ne, yarinyar da ke fita kullum da jaka ta dawo ƙarfe biyu. Na faɗa da ƙarfi. Kwana tara. Yarinya mace 'yar shekara goma tana fita daga gida ƙarfe bakwai ta dawo ƙarfe biyu, kuma babu wanda ya san inda take yini. Na saki tob ɗin a hannun matar, ko kawuna ban yi wa bayani ba, na fita da gudu ina ture mutane har tashar mota.

Ban taɓa ganin tsawon hanyar nan ba sai ranar. A kan gada motoci suka tsaya cak, ina kallon ruwa ta taga ina kawar da kai. Duk wani mugun labari da na taɓa ji a kasuwa game da yaran mutane ya dawo min ɗaya bayan ɗaya. Wa yake jiran ta a hanya? Wane gida take shiga? Me ake ba ta? Na tuna ramar da ta yi da shirun da take yi. Amma ko a lokacin, Allah ya gafarta min, rabin zuciyata tsoro ne rabi kuma fushi. Ina ta tsara irin dukan da zan yi mata in ta shigo ƙarfe biyu.

Ƙarfe biyu ta yi ba ta shigo ba. Biyu da rabi, uku. Yara suka gama wucewa ta layinmu da jakunkunansu, layin ya yi tsit. Habboba ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa da carbi, ta kasa ko ja. Na kira mijina yana hanya, ya ce zai juyo amma ba zai iso ba sai gobe. Maƙwabta suka fito. Wasu maza suka nufi tur'a, wato babbar magudanar ruwan gonakin da ke bayan unguwa, kuma na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗauki doguwar gora. Ban tambaye shi abin da zai yi da ita ba, na sani. Bayan la'asar liman ya ce za a yi cigiya a lasifikar masallaci, ya aiko a tambaye ni kayan da ke jikinta, da ƙawayenta, da inda ta saba zuwa. Kayan makaranta kawai na iya faɗa. Sauran biyun ban sani ba. Na tsaya a tsakar gida ina jin ana kwatanta 'yata ga duk unguwa, siririya, baƙa, mai tabo a gira, kamar ana maganar 'yar wasu.

Sai na tuna aminiyar. Na tafi gidansu ko takalmi ban sa daidai ba. Ina shiga na damƙi hannun yarinyar na ɗaga murya, na ce ta faɗa min inda 'yata take ko in ci mutuncinta. Ta ƙame, idanunta a waje. Uwarta ta zo ta zare hannuna daga nata ba tare da ta yi min faɗa ba. Ta zauna a kan angareb, wato gadon igiya, ta ɗora yarinyar a cinya duk da girmanta, ta ba ta ruwa, ta ce mata babu wanda zai taɓa ta, ta fara daga farko, kuma ta ɗauki duk lokacin da take so. Ni ina tsaye ina ji kamar in fashe, 'yata ta ɓata ana cewa a fara daga farko. Amma yarinyar ta fara, kuma ta faɗi komai.

Ta ce tun ranar marin babbar ta kafa doka, ba mai cin fatur da 'yata, ba mai yi mata magana, wadda ta karya ita ma za a cire ta. Ta ce ita kanta, da suke benci ɗaya, jaka take ajiyewa a tsakaninsu don a ga ba ruwanta. Kullum sai an karɓe burodin 'yata an jefa a ƙasa an ce kaji su zo su ci, ana kwaikwayon kiran Habboba. Fiye da wata guda ana haka. Ranar ƙarshe suka bi 'yata banɗaki lokacin fatur suka sa sakata ta waje, ta yi ta bugawa har aka koma aji, sai bayan darasi guda mai shara ta buɗe ta. Ta ce ita ce ta gaya wa malama cewa 'yata ba ta da lafiya, domin tana tsoron in aka bincika za a gano ita ce ta fara kwaikwayon. Uwarta ta tambaye ta me ya sa 'yata ba ta faɗa a gida ba. Yarinyar ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, ta ce wai ta ce mamanta ba ta son kuka. Inda take zuwa kuwa ba ta sani ba, sai dai sau ɗaya ta hango ta a tasha tana shiga haflar Umdurman.

Umdurman. Da a ce tur'a aka ce min da na san inda zan nema. Ina zan fara a Umdurman, rana tana faɗuwa, ana rufe kasuwanni? Na fito daga gidan, na zauna a kan dakalin wani shago. A nan wayar kawuna ta same ni. Ya ce in kwantar da hankalina, yarinyar tana gabansa a shago, lafiyarta lau.

Raksha, wato keke mai ƙafa uku, na ɗauka har tasha, daga can ban san yadda na isa ba. Na tarar an rufe yawancin layin, kawuna ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, ga wata dattijuwa mai sayar da shayi a ƙarshen layinmu zaune kusa da 'yata. Na san fuskarta amma ban taɓa sayen shayinta ba. Ba ta jira na gaishe ta ba. Da Hausa ta tare ni, ta ce ashe ni ce uwar, ni mai bakin nan da ake ji daga ƙarshen layi. Ta ce kwana tara yarinyar nan tana zuwa wurinta da safe, ta zauna a bayan tulin kwalaye, daga inda ake hango ƙofar shagonmu ta tsakanin tob ɗin da muke ratayewa. Yarinyar ta gaya mata cewa makarantarsu ta yamma ce, kuma uwarta ce ta ce ta jira a nan. Dattijuwar ta ce ba ta yarda ba, amma ta ga gara yarinyar tana gabanta da ta tafi wani wuri, kuma ta yi niyyar nemo uwar tana ta ɗagawa, wannan laifinta ne. Ta ce yarinyar ba ta wasa, ba ta yawo, ba ta roƙon komai. Kallo na kawai take yi ina ciniki ina dariya da mutane. In an yi fatur sai ta ɓare burodinta biyu ta miƙa wa tsohuwar rabi, ta ce ba ta iya ci ita kaɗai. Ƙarfe sha biyu na yi sai ta tashi ta kama hanya don ta isa gida lokacin tashin makaranta. Yau kuwa da ta ga na ɗaga waya na fita da gudu, ta gane an gano ta, sai ta shige ƙarƙashin teburin shayi ta ƙi fitowa, har sai da aka fara rufe kasuwa tsohuwar ta ce to yau dai sai ta nuna mata shagon.

Ku duba wannan. Na tsallake kogi da gudu ina neman yarinyar da ke zaune taku arba'in daga inda nake tsaye. Hanyar da take bi da ni lokacin hutu ta haddace, ta bi ta ita kaɗai, mota biyu, tsakanin manyan mutanen da ba ta sani ba, sau goma sha bakwai zuwa da dawowa. Duk don ta zauna kusa da uwar da ba ta iya gaya wa komai.

Na matsa zan rungume ta. Tana ganin hannuna ya taso sai ta dunƙule, ta kare kanta da hannu biyu. Daga ƙarƙashin hannayen ta ce min, da sauri, kamar mai ba da hadda, wai ba ta yi kuka ba, ko a banɗakin ma ba ta yi ba, in na ga dama in tambayi kowa. Na kalli wuyan rigarta. A jiƙe yake. Dattijuwar ta ce da ta ji ina zuwa sai ta roƙi ruwa a buta ta wanke fuska.

A nan na tuna abin da na shekara ashirin ina ɓoye wa kaina. Ni ma na yi kuka a Jazira, kusan kullum. Akwai wata kwana a bakin magudanar ruwa kafin a shiga kambo, a nan nake durƙusawa in wanke fuskata in jira idanuna su washe, sannan in shiga gida in ba babanmu labarin wadda na kayar. Wuyan rigata ma a jiƙe yake isa gida. Na fi kowa a duniya sanin ma'anar wannan shatin ruwan, amma na riƙe rigar 'yata a hannuna wata guda ina yi mata faɗan wanki.

Wata huɗu ke nan da faruwar abin. Ba ta koma makaranta ba har ƙarshen zangon, malamar tana aiko mata da darasi, kuma an kira iyayen sauran yaran an yi magana. Aminiyarta ta zo sau biyu tare da uwarta, na farko ba su ce wa juna komai ba, na biyu suka ci abinci a kwano ɗaya. Amma tsoron bai sake ni ba. In ta fita sayo burodi ta daɗe minti biyar sai in tsinci kaina a bakin ƙofa. Kuma har yanzu in na shigo da ƙarfi tana ɗan zabura.

Ga iyaye 'yan uwana, musamman masu irin halina, abin da zan ce kaɗan ne. Dokar nan ta a rama kada a dawo da kuka ba ta hana yaro kuka, wurin yin kukan kawai take canza masa, kuma ba za ku so wurin da zai zaɓa ba. In yaro ya fara ba ku labari daga farko, ku bar shi ya fara daga farko, abin da yake so ya faɗa yana tsakiya. In kullum shi ne ke cin nasara a labarinsa, ku ji tsoro. Kada ku tsaya a tambayar nawa ya ci a jarrabawa, ku tambaye shi da wa ya ci fatur yau, kuma ku lura ranar da sunan aboki ya ɓace daga bakinsa. Ku san lambar malami kafin malami ya nemi taku.

Ranar Lahadi mai zuwa, wadda ita ce farkon mako a nan, za a koma makaranta. Babanta ya so a canza mata wata, ni ma na so, amma wannan karon mun tambaye ta. Ta ce tana son ta koma tata, da sharaɗin kada in shiga in yi wa kowa masifa. Na yarda. Na gaya wa kawuna zan riƙa makara sati biyu, zan raka ta har ƙofa in tsaya a waje da bakina a rufe. Kafin nan kuma, gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan zaunar da ita in gyara ƙaryar da na yi mata ranar da na kama kunnenta. Zan ba ta labarin kwanar nan ta bakin ruwa a Jazira, tun daga farko, kuma in hawaye ya zo min ba zan tashi neman buta ba.